Ship of Harkinian: an ceto tsohon gem ne, ko an ƙera sabo?

A watan Maris na 2022 wasu masu sha'awar gem da ke kiran kansu Harbour Masters suka saki wata manhaja kyauta mai suna Ship of Harkinian. Aikinta ɗaya ne: ta ɗauki The Legend of Zelda: Ocarina of Time, gem ɗin da Nintendo ta fitar a 1998 don na'urar Nintendo 64, ta sa ya yi aiki a kwamfutar yau kamar dama don ita aka rubuta shi. Masu yaba aikin suna cewa an ceto tarihi daga ɓacewa. Masu suka kuma suna cewa sata ce aka sa wa riga mai kyau. A ganina kowane ɓangare ya taɓo wani abu, amma hujjar kowanne ta tsaya a rabin hanya, kuma ba za a ga inda ta tsaya ba sai an san yadda abin yake aiki.

Me ya sa tsohon gem ba ya tashi a sabuwar kwamfuta?

Kowace furosesa tana da yaren da take ji. Ta Nintendo 64 'yar gidan MIPS ce, gudunta bai kai megahaz 94 ba, kuma ram ɗin na'urar megabait 4 ne kacal. Kwamfutar da ke gabanku kuwa da yaren x86 ko ARM take magana. Idan aka miƙa mata abin da ke cikin kaset ɗin Zelda, tamkar an miƙa wa Bahaushe wasiƙa da Japananci ne: takardar na hannunsa, amma ba abin da zai iya yi da ita.

Hanyoyi uku ake bi a warware wannan.

Ta farko ita ce emuleta, wato manhajar da ke kwaikwayon tsohuwar na'urar. Ita kamar tafinta ce a taro: gem ya faɗi umarni, ta juya wa kwamfuta nan take, ya sake faɗa, ta sake juyawa. Amfaninta shi ne tafinta ɗaya na iya yi wa ɗaruruwan gem aiki. Matsalarta kuma, ba ta san ma'anar abin da take juyawa ba, don haka da wuya ta canza wani abu mai zurfi a cikin gem ɗin.

Ta biyu ita ce warware manhaja a koma ga rubutunta na asali. Masu shirya gem da yaren C suka rubuta Zelda, sannan wata manhaja da ake kira kompaila ta niƙa rubutun ya zama yaren inji. A wajen niƙan sunaye da bayanai duk sun zube, sai lambobi. Masu warwarewa suna bin lambobin nan ɗaya bayan ɗaya suna rubuta C ɗin da suke zaton shi ya haife su, su zuba shi a irin kompailar da aka yi amfani da ita a wancan zamani, wato IDO ta kamfanin Silicon Graphics, su duba ko abin da ya fito ya yi daidai da na kaset. Ku ɗauka mutum ya ɗanɗana yajin kilishin wani mai sana'a, ya koma gida yana ta gwada haɗi, ƙara citta, rage kanumfari, har sai nasa ya fito ba bambanci. Sai dai a nan ba harshe ne alƙali ba. Lissafi ne: fayil ɗin da aka samar dole ya yi daidai da na asali a kowane bait. Ƙungiyar Zelda Reverse Engineering Team ta shafe kusan shekara biyu a kan wannan aiki, ta kammala a watan Nuwamba na 2021. A kan wannan tushe aka gina Ship of Harkinian.

Ta uku ita ce sabuwa. A watan Mayu na 2024 aka saki Zelda 64: Recompiled, wanda ya kawo Majora's Mask na shekarar 2000 zuwa kwamfuta. A nan manhaja ce ke juya yaren MIPS zuwa C da kanta, sau ɗaya, kafin a fara wasa. C ɗin da ke fitowa kwamfuta na gane shi, amma ɗan Adam zai sha wuya kafin ya karanta. Hanyar na da sauri ƙwarai, kuma da irinta aka kawo Sonic Unleashed na Xbox 360 zuwa kwamfuta a watan Maris na 2025, gem ɗin da Sega ba ta taɓa fitar wa kwamfuta ba.

Inda aikin ya yi kyau

Abu na farko da ido zai gani shi ne santsin motsi. Ocarina of Time na asali hotuna 20 yake nunawa a sakan ɗaya, bugun Turai ma bai kai haka ba. Ga wanda ya saba da 60, wannan kamar kallon fanka ne a ƙarƙashin fitila mai ƙyaftawa. To me zai hana a ce wa gem ɗin ya ninka gudunsa sau uku? Abin da ke hanawa shi ne, lissafin duniyar gem ɗin a ɗaure yake da adadin hotunan. Tafiyar Link, faɗowarsa daga tudu, saran takobinsa, duk da hoto-hoto ake ƙirga su. In aka ƙara gudu, komai zai riƙa sauri kamar tsohon fim ɗin barkwanci.

Dabarar da Harbour Masters suka yi ta burge ni. Sun bar lissafin gem ɗin a 20 ɗinsa, sannan suka sa manhajar ta riƙa duba inda abu yake a wannan mataki da inda ya koma a mataki na gaba, ta zana hotunan da ke tsakani. Ido na ganin 60 ko fiye, dokokin gem kuma ba a taɓa su ba. Wannan abu ne da zai yi wa emuleta wuya matuƙa, domin ita lambobi kawai take gani suna wucewa, ba ta san wanne ne hannun Link wanne ne kyamara ba.

Abu na biyu shi ne gyaran ƙananan abubuwan da suka daɗe suna ba mutane haushi. Duk wanda ya shiga Water Temple ya san wahalar takalmin ƙarfe: a tsayar da gem, a buɗe jerin kaya, a sa takalmi, a nutse, a sake tsayarwa, a cire, haka dai ba iyaka. Nintendo da kanta ta gyara wannan a bugun 3DS na 2011. Ship of Harkinian na ba da damar ɗora takalmin a kan maɓalli ɗaya. Akwai kyamarar da ake juyawa da sandar dama ta hannun gem, akwai faɗaɗa hoto ya cika allon zamani, akwai ƙara saurin rubutun hira, har da tsarin da ke birkita wuraren da kayayyaki suke don wanda ya haddace gem ɗin ya same shi sabo.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina shi ne yawancin waɗannan zaɓi ne. Wanda yake so zai iya barin su a kashe, har ya mayar da hoton zuwa ƙaramin girmansa na da. Wannan ladabi ne ga aikin wasu, kuma ba kowane kamfani ke nuna irinsa ga nasa aikin ba. Lokacin da Nintendo ta saka wannan gem a tsarin Nintendo Switch Online a watan Oktoba na 2021, ta hanyar emuleta, 'yan wasa sun koka kan jinkirin maɓalli da ɓacewar hazo a wasu wurare. Ɗakin da ake faɗa da Dark Link, wanda kyawunsa duka a ruwa mai ɗaukar hoto da hazo yake, ya fito a lalace sai da aka gyara daga baya. Wato masu biyan kuɗi sun karɓi abin da ya gaza na 'yan sa-kai.

Inda ya gaza

To amma fa kada santsin nan ya ruɗe mu. Hotunan tsakani ado ne ga ido. Gem ɗin har yanzu sau 20 a sakan yake sauraron hannunku, wato kowane mataki milisakan 50. Sakamakon haka wani irin saɓani ne: abin da ake gani na zamani, abin da ake ji a yatsu na 1998. A na asali ido da hannu tafiya ɗaya suke yi, nauyin motsin Link ya dace da yadda hoton ke tafiya. A nan kuwa ido ya yi alkawarin da hannu ba zai cika ba.

Matsala ta biyu ta fi wannan girma. Masu zanen Nintendo sun yi aikinsu ne don hoto mai ɗigo 320 a faɗi da 240 a tsaye, a talabijin mai ƙeya, wadda ke narkar da gefen abubuwa ta haɗe launuka. Sun san ba za a ga komai tar ba, sai suka yi zane da wannan sanin. Idan aka ɗaga hoton zuwa girman allon yau, abin da duhu ya rufa wa asiri sai ya fito fili: fuskoki masu kusurwa, bangon da aka shafa wa ɗan ƙaramin zane aka ja shi ya yi faɗi, itatuwan da a da suke kama da daji yanzu sun koma kamar kwali. Ya fi muni a kasuwar Hyrule da cikin gidaje da shaguna, domin waɗannan wurare hotuna ne da aka riga aka zana aka ajiye a ƙaramin girma. Sai ka ga Link garau yana yawo a gaban hoto mai dishi-dishi, kamar an manna sabon hoton fasfo a kan tsohuwar kalanda. Laifin ba na Harbour Masters ba ne, ba su da manyan hotunan asali, suna wurin Nintendo in ma suna nan. Amma sakamakon dai shi ne wanda ya fara ganin gem ɗin ta wannan hanya zai ɗauka masu zanen 1998 ba su iya ba, alhali sun iya sosai, an dai canza musu allo ne.

Na uku ya shafi masu tseren gama gem da wuri. Kurakuran da ke cikin tunanin gem ɗin suna biyo shi zuwa kwamfuta, tunda rubutun ɗaya ne. Amma akwai wasu dabaru da suka dogara ga yadda bayanai ke jere a cikin ram ɗin Nintendo 64, har da waɗanda ke yaudarar na'urar ta ɗauki bayanan ɗan wasa a matsayin umarnin MIPS. A kwamfuta jerin ya canza, furosesar ma wata ce daban, don haka wannan ɓangare na tarihin gem ɗin bai ƙetaro ba. Kada a ɗauka emuleta ta tsira daga irin wannan. A bugun Super Mario 64 na Wii, ɗan bambanci wajen taƙaita lambobi masu ɗigo ya sa wasu dandamali a wani mataki suna hawa sama a hankali, ta yadda in an bar gem ɗin a kunne na kwanaki za a ga sun tashi daga wurinsu. Darasin dai ɗaya ne: gem da na'urarsa tare aka haife su, duk inda aka raba su sai wani abu ya motsa.

Wanne ne ma na asalin?

Sunan manhajar kansa wasa ne da tsohuwar tambayar Girkawa a kan jirgin ruwan Theseus: in an yi ta canza katakon jirgi ɗaya bayan ɗaya har ba sauran na farko, shi ne dai jirgin? An haɗa ta da sunan Sarki Harkinian na wasu gem ɗin Zelda da aka yi wa na'urar CD-i ta Philips, waɗanda suka shahara wajen zama abin dariya. Ka ga ke nan masu aikin sun san tambayar da ke kansu.

Kuma tambayar ta girme su, domin Nintendo da kanta ba Ocarina of Time ɗaya ta fitar ba. A bugun farko, kiɗan Fire Temple na ɗauke da wani sautin murya mai kama da karatun Musulmi, kamfanin ya cire shi a bugu na 1.2. A wannan bugun ne kuma jinin Ganondorf ya koma kore daga ja. Alamar jinjirin wata da tauraro da ke kan garkuwar Mirror Shield ita ma an sauya ta a bugun GameCube. Saboda haka duk mai cewa a adana na asali, sai ya faɗa mana wanne yake nufi.

A nan ne nake ganin an ɗora yabo a inda bai kamata ba. Ship of Harkinian ya fi kama da sabon gabatar da tsohon wasan kwaikwayo: labarin na da, dandamali da fitilu na yau. Abin da ya cancanci sunan adana tarihi shi ne aikin warwarewar da ke ƙarƙashinsa, wanda ba shi da hoton da za a yaɗa a intanet. Rubutun C da mutum zai iya karantawa, wanda lissafi ya tabbatar yana haifar da ainihin abin da ke kaset, zai yi amfani ko bayan Windows da x86 sun zama labari. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta zai iya buɗe shi ya ga yadda aka cusa duniya guda cikin kaset mai megabait 32. Da wannan ma'auni, hanya ta uku mai sauri tana ba mu gem ɗin da za mu buga, amma iliminta kaɗan ne. Misalin da ya fi nuna darajar hanya mai wuya shi ne OpenGOAL: kamfanin Naughty Dog ya rubuta Jak and Daxter na PlayStation 2 da wani yare nasa na cikin gida mai suna GOAL, sai masu sha'awa suka sake gina yaren da kompailarsa daga abin da ke cikin faifai. Yare guda da ya kusa ɓacewa ya dawo.

Maganar doka da gaskiya

Ship of Harkinian ba ya zuwa da hoto ko sauti ko ɗaya na Nintendo. Kai za ka kawo kwafin kaset ɗinka, wanda ake kira ROM, manhajar ta zaro kayan daga ciki. An koyi wannan ne daga abin da ya faru a 2020, lokacin da Super Mario 64 na kwamfuta ya bazu da komai a cikinsa, lauyoyin Nintendo suka bi shi suna sa ana saukewa.

Dabarar ta yi aiki zuwa wani matsayi, amma akwai ɗan rufa-rufa a cikinta da ya kamata a faɗa. A farkon fitowar manhajar, kwafin da take karɓa na gwaji ne na cikin kamfani wanda ya ɓulla a intanet, ba a taɓa sayar da shi a shago ba. Daga baya ne aka ƙara bugun da aka sayar. Ko yanzu ma, mutum nawa ne ke da kaset ɗin 1998 da na'urar kwafe shi? Ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, inda gidajen gem suka fi sanin PlayStation, hanyar halal ɗin kusan a takarda kawai take.

Rashin kayan kamfani a ciki kuma ba garkuwa ba ce tabbatacciya. Kotunan Amurka, a shari'ar Sega da Accolade ta 1992 da ta Sony da Connectix ta 2000, sun amince a buɗe cikin manhaja don a gane yadda take aiki a ƙera abin da zai dace da ita. Amma wallafa rubutun da ke haifar da ainihin manhajar wani, wannan mataki ne na gaba. A 2021 kamfanin Take-Two ya kai ƙarar masu aikin re3 da reVC, waɗanda suka warware GTA III da Vice City, duk da cewa su ma sai da kwafin gem ɗin ake amfani da nasu. Maganar ta ƙare da sulhu, ba a kai ga hukuncin da zai zama madogara ba. Abin takaicin shi ne a watan Nuwamba na 2021 kamfanin ya fitar da nasa sabon bugun na waɗannan gem, ya fito cike da kurakurai har Rockstar ta nemi afuwa.

Kamfanoni na da haƙƙinsu, su suka biya masu zane da masu kiɗa. Sai dai hujjarsu na raunana idan aka dubi abin da suke yi da haƙƙin. Binciken da Video Game History Foundation ta fitar a 2023 ya nuna kashi 87 cikin ɗari na tsoffin gem da aka fitar a Amurka ba a samun su a kasuwa. A watan Oktoba na 2024 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi amincewa ɗakunan karatu su ba masu bincike damar buga irin waɗannan gem daga nesa. Nintendo kuwa ta saki Super Mario 3D All-Stars a watan Satumba na 2020, ta janye shi daga kasuwa ƙarshen Maris na 2021, da gangan.

Amma ita ma wannan hujja tana da kaifi biyu. Ocarina of Time ba ya cikin kashi 87 ɗin nan. An sake fitar da shi a GameCube, da Wii, da 3DS, da Wii U, da Switch. Shekarun aikin sa-kai suna tafiya ne ga gem ɗin da aka fi ƙauna, waɗanda dama ba su cikin haɗarin ɓacewa. Dubban ƙananan gem da kamfanoninsu suka mutu ba mai waiwayarsu. In hanyar juyawa ta atomatik na da wani babban alfanu, to a nan yake: ta rage tsadar aikin har ya isa ga waɗanda ba su da dubban masoya.

Hukunci

Ga wanda ya taɓa buga Ocarina of Time kuma yake son komawa, Ship of Harkinian ita ce hanya mafi daɗi da na sani a kwamfuta, kuma ba ta buƙatar inji mai tsada. Ga wanda zai fara, shawarata ya bar yawancin gyare-gyaren a kashe, ya rage girman hoton, ya ga gem ɗin kusa da yadda masu shi suka tsara, daga baya ya kunna abin da yake so. Ga ɗalibin da ke son sanin yadda manhaja ke aiki daga tushe kuwa, ya wuce gem ɗin ya je ga rubutun warwarewar, yana nan a buɗe a GitHub. Wanda ke da hali ya ajiye kwafinsa, domin abin da ya sami re3 ya nuna wasiƙar lauya ɗaya ta isa ta rufe shafin.